Jaka Shida Tun Ciki Yana Ƙarami

Maigida, da kai nake magana. Idan ba ka iya karatu ba, ɗanka ko maƙwabcinka yana karanta maka, ka bari ya kai ƙarshe. Uwargida, ke ma ki matso kusa, domin maganar ta ranki ce.

Wata shekara cikin watan Agusta, ruwa yana sauka kamar da bakin ƙwarya, aka buga mana ƙofa gab da asuba. Mata ce aka kawo a kan babur, an ɗaure ta da zane a bayan mai tuƙi don kada ta faɗi. Haihuwarta ta biyar ce. Ta haihu a gida tun magariba, jaririn ya zo lafiya, amma jini ya ƙi tsayawa. Mijinta yana gona mai nisa, ba wanda ya yarda a fita da ita ba da izininsa ba. Da ya iso, ba ko sisi a gidan. Ya shiga gida-gida neman rance cikin dare, ya jinginar da akuyoyinsa biyu, sa'an nan ya nemi mai babur. Mun yi mata allura, mun sa mata ruwa, mun shirya a wuce da ita inda za a ƙara mata jini. Ba ta kai ba.

Abin da ban manta ba shi ne hannun mutumin nan. Yana riƙe da kuɗin da ya tara cikin daren, sefa 30,000, sun jiƙe da ruwan sama, yana miƙo mini yana cewa in karɓa. Mutum ne mai ƙaunar matarsa. Ba rowa ta kashe ta ba. Sa'o'in da aka ɓata wajen jiran izini da neman kuɗi su suka cinye ta. A makarantar jinya an koya mana cewa zubar jini bayan haihuwa yana iya kashe mace cikin awa biyu. Mun gani da idonmu, gaskiya ne.

Kashi ɗaya cikin biyar na kuɗin da ke hannunsa ya isa ya biya mata awo da haihuwa a asibiti, da an biya shi tun ciki yana ƙarami. Saboda haka na rubuta wannan ɗan littafi.

Mene ne shek na lafiya?

Takarda ce da ake kira Chèque Santé da Faransanci, mutane suna ce mata shek. An fara ta a shekara ta 2015 a yankuna uku na arewacin Kamaru, wato Adamawa, da Arewa inda muke, da Arewa Mai Nisa. Gwamnati ce ta kawo ta, da taimakon ƙasashen Faransa da Jamus. A watan Afrilu na 2023, da aka buɗe kashi na farko na shirin lafiya don kowa, wanda ake kira CSU, an sa shek a cikinsa.

Mai ciki tana biyan sefa 6,000, wato jaka shida, sau ɗaya. Da wannan za a yi mata awo, a yi mata hoton ciki, a karɓi haihuwarta. Idan haihuwa ta zo da gardama har sai an yi mata aiki an ciro yaron, yana ciki. Kulawa da ita da jaririnta har kwana 42 bayan haihuwa, yana ciki. Wanda ya taɓa biyan kuɗin aikin ciro yaro daga aljihunsa ya san cewa sai an sayar da sa, ko a ci bashin da za a shekara ana biya.

Abu biyu ka riƙe. Na ɗaya, ba kowane asibiti ne yake karɓar shek ba, sai wanda aka amince da shi cikin shirin. Ka tambaya a asibitin da ya fi kusa da kai, ko a babban asibitin gunduma a nan Tcholliré. Na biyu, shek ba ya ɗauko mace daga ɗakinta ya kawo ta asibiti. Kuɗin babur ko mota daga ƙauye, wannan naka ne, kuma za mu dawo kansa.

Ƙididdigar da gwamnati ta yi a 2011 ta nuna cewa cikin haihuwa 100,000 a ƙasar nan, mata 782 suke mutuwa. Ta 2018 ta nuna 406. An samu sauƙi, mun gode Allah. Amma kowace ɗaya cikin 406 ɗin nan tana da suna, tana da 'ya'ya, kuma mu a karkarar arewa mun fi mutanen birni sanin yadda ake binne su.

Wannan ba bara ba ce

Na sha jin maza suna cewa, “Ni ba na cin sadakar gwamnati, ina iya riƙe iyalina.” Na gane wannan magana, kuma ina ganin girman mai faɗinta. Amma ka duba da kyau. Duk lokacin da ka sayi sabulu ko man babur ko katin waya, akwai haraji a ciki. Audugar da kake nomawa kana kai wa SODECOTON tana cikin abin da ƙasar nan take sayarwa waje. Matarka tana biyan kuɗin zama a kasuwa. Idan wani abu daga cikin wannan ya dawo maka ta hanyar asibiti, naka ne ya dawo. Wanda ya zuba hatsi a rumbun gayya ba ya jin kunya ranar da aka buɗe rumbun.

Ra'ayina ke nan, kuma shekarun da na yi a bakin gadon marasa lafiya ne suka kai ni gare shi: taimakon da ya fi amfani shi ne wanda yake barin mutum da ƙarfinsa. Buhun shinkafa da aka raba yana ƙarewa cikin mako biyu, a koma jiran wani. Amma matar da ta haihu lafiya, akuyoyin gidan suna nan, san noma yana nan, kuɗin makarantar yara ba a taɓa shi ba. Gidan ya fita daga haihuwa da ƙafafunsa. Cuta ɗaya ko haihuwa ɗaya mai wuya ta isa ta mai da gida mai rufin asiri gidan talauci. Mu muna ganin wannan kowane wata. Shek katanga ce tsakanin gidanka da wannan rami.

Dalilai uku da nake ji, da amsata

Dalili na farko: “Sayen takardar aiki tun ba a kai ga haihuwa ba kamar kiran masifa ne.” Wasu kuma kunya ce, musamman cikin fari, yarinya tana ɓoyewa har wata shida ko bakwai, uwar miji ma ta yi kamar ba ta gani ba. Kunya ado ce, ban ƙi ba. Amma ranar wanka ba a ɓoyon cibi. A wajen awo ne muke gano hawan jini tun bai zama jijjiga ba. A nan muke gano ƙarancin jini mu ba da ƙwayoyin ƙara shi, mu ba da maganin kare ciki daga zazzaɓin cizon sauro, mu yi allurar tetanus, mu ga ko yaron ya kwanta a gicciye. Duk waɗannan suna son lokaci. Matar da ta zo mana a wata na tara ta rufe mana yawancin ƙofofin. Kai da kake gyara jinkar ɗakinka tun rani, ba wanda ya ce kana kiran guguwa.

Dalili na biyu: “Allah ne mai tsarewa, kakanninmu a gida suka haihu.” Hakika Allah ne mai tsarewa. Ni mai bi ce, ba na fara aiki ban yi addu'a ba. Amma ka tuna da Yusufu a ƙasar Masar, labarin da Kirista da Musulmi duka suka sani. Da Allah ya nuna cewa yunwa tana zuwa, Yusufu bai naɗe hannu ba. Ya sa aka yi ta tara hatsi cikin shekaru bakwai na ƙoshi, da shi aka tsira cikin shekaru bakwai na yunwa. Ba wanda ya ce Yusufu ya rasa bangaskiya. Tanadin nan shi ne hanyar da Allah ya ceci mutane da ita. Game da kakanninmu kuwa, ka tambayi tsohuwar gidanku ta lissafa maka matan da ta sani da suka tafi wajen haihuwa, da waɗanda doguwar naƙuda ta bari da yoyon fitsari. Za ta yi shiru kafin ta fara, kuma lissafin zai yi tsawo.

Dalili na uku ya fi sauran nauyi, domin akwai gaskiya a cikinsa: “Mun sayi takardar, mun je, an ce magani ya ƙare, mu saya a waje. Wani wurin ma an nemi mu ƙara kuɗi.” Ba zan ce maka ƙarya kake yi ba. Yana faruwa. Wani lokaci kuɗin da ya kamata a mayar wa asibiti yakan makara, ɗakin magani ya bushe, ma'aikaci ya tsaya da hannu wofi yana jin kunyar mara lafiya. Ni ma na tsaya haka. Wani lokaci kuma, sai mu faɗi gaskiya, son zuciyar ma'aikaci ne. Mu masu farar riga ba mala'iku ba ne.

Amma ka lura, wa ake cuta? Wanda bai san abin da ke cikin takardarsa ba. Idan ka san cewa hoton ciki yana ciki, da wuya a ce maka ka biya. Don haka ranar da kuka sayi shek, ka ce a karanta maka abin da ya ƙunsa, a fassara maka da Hausa ko Fulatanci ko harshen Dii, har ka gane. Duk kuɗin da aka ce ka biya, ka nemi rasit. Wanda yake karɓar kuɗin haram ba ya son rubutu. Idan ba ka gamsu ba, ka nemi shugaban asibitin, da ladabi, ba da faɗa ba. Kowane yankin lafiya yana da kwamitin lafiya na mutanen gari, wanda ake kira COSA. Ka san wakilin ƙauyenku a ciki. Idan ba ku da shi, ku tambayi mai gari dalili. Rijiyar da aka ga ƙazanta a bakinta ba a barinta a koma shan ruwan kududdufi, share ta ake yi.

Izini da kuɗin babur

Yanzu ga abin da gwamnati ba za ta iya yi maka ba. Daga Tcholliré zuwa Touboro, daga Rey Bouba zuwa Madingring, kowa ya san yadda hanya take da damina, kowa ya san rafin da yake cika ya hana wucewa. Naƙuda ba ta duba wata, ba ta jiran ka dawo daga gona ko daga wurin haƙar zinariya.

Saboda haka ka yi abu huɗu tun ciki yana wata shida. Ka faɗa a gaban mahaifiyarka da ƙannenka cewa ka ba da izini: ko kana nan ko ba ka nan, in naƙuda ta tashi ko an ga jini, a tafi asibiti, kada a jira ka. Ka ware kuɗin babur, ka sa a hannun matar da kanta, ta ɗaure a inda ta sani. Ka yi magana da mai babur ɗaya, ka karɓi lambarsa, ka nemi na biyu don ko wayar na farko tana kashe. Ka nemi 'yan'uwa biyu masu ƙarfi da suka yarda za su ba da jini in an buƙata. Ba da jini ba ya rage ƙarfin namiji, jiki yana mayar da shi. Idan ƙauyenku yana bayan rafi kuma haihuwa za ta faɗo cikin damina, ta zo ta zauna wurin dangi kusa da asibiti tun watan bai kama ba.

Ke kuma uwar miji, Inna, da girmamawa nake roƙonki. A gidaje da yawa maganarki ce ta ƙarshe. Kin haihu, kin san zafin. In kika ce a tafi, ba mai tsayawa. Alamun da ba a jira da su ke nan: jini, ciwon kai mai tsanani da ganin duhu-duhu, kumburin fuska da hannu, jijjiga, zazzaɓi mai zafi, fashewar faya ba naƙuda, yaro ya daina motsi, ko naƙudar da ta wuce yini ko dare guda. In kin ga ɗaya, ba lokacin jiƙo ba ne.

Takardar haihuwa

An haihu lafiya, an yi suna, an ci an sha. Saura abu ɗaya da gidaje da yawa suke mantawa. Takardar da muke ba ku a asibiti shaida ce kawai cewa an haihu. Takardar haihuwa ta ainihi a ofishin magajin gari ake yinta, ko a ƙaramin ofishin rajista da ke wasu ƙauyuka. Ku yi ta cikin kwana 90. Cikin wannan lokaci abin ba wuya, kuma rubuta yaro cikin littafin rajista doka ta ce kyauta ne. Ko a gida aka haihu, a je a shaida. In aka bari shekaru suka wuce, sai an je kotu, a nemi shaidu, a nemi likita ya ƙiyasta shekarun yaron, a yi ta zirga-zirga ana kashe kuɗi.

Ga inda abin yake ciwo. Yaro ya yi shekara shida yana zuwa makaranta, ya kai aji na ƙarshe, za a rubuta jarrabawar CEP, sai a ce ya kawo takardar haihuwa. Babu. Yaran da suka tsaya a nan suna da yawa a ƙauyukanmu, kuma 'yan mata sun fi yawa, domin in kuɗin kotu ya isa na mutum ɗaya, namiji ake yi wa. Yarinyar da ta bar makaranta a wannan shekaru, aure ake yi mata. Bayan shekara ɗaya ko biyu sai mu gan ta a ɗakin haihuwa, ƙugunta bai gama girma ba. Ka ga yadda takarda ɗaya da ba a yi ba take dawowa har gadon asibiti. In ya girma kuma, katin ɗan ƙasa ma sai da ita. Ka yi wa 'ya mace kamar yadda za ka yi wa ɗa namiji.

Yara 'yan ƙasa da shekara biyar

Tun 2011 gwamnati ta ce maganin zazzaɓin cizon sauro mara tsanani kyauta ne ga yaro ɗan ƙasa da shekara biyar, a 2014 aka ƙara da mai tsanani. Tun 2016 kuma, a yankinmu da Arewa Mai Nisa, masu aikin lafiya na ƙauye suna bi gida-gida da damina suna ba yara daga wata uku zuwa ƙasa da shekara biyar maganin kariya, sau ɗaya kowane wata. Maganin na kwana uku ne. Su suke ba da na ranar farko, na rana ta biyu da ta uku a hannun uwa yake. Na sha ganin ƙwayoyin nan a soke cikin jinka, an ajiye wai sai yaro ya yi zazzaɓi. Ba haka aka yi shi ba. A ba shi duka kwana ukun, yana lafiya, domin ya zauna lafiya. Allurar rigakafi ta yara kyauta ce. Maganin tarin fuka da na cutar sida su ma kyauta ne. Ku adana katin yaro cikin leda, wuri ɗaya da shek da takardar haihuwa, inda gara da ruwa ba za su kai ba.

Gidan da ba shi da jaka shida

Na san akwai gidan da jaka shida ma dutse ce: gwauruwa, matar da miji ya tafi ya bari, baƙin da suka zo ba su da gona. Nan ne aikin jama'a. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Matan majami'a suna da ƙungiyarsu, matan unguwa suna da adashi, masallaci yana da masu tattara taimako. Muna tara kuɗi da sauri in an yi mutuwa, mu sayi likkafani, mu dafa wa masu gaisuwa abinci. Wannan abu ne mai kyau. Ina roƙo mu yi irin wannan sauri tun mutum yana da rai. Mata ashirin, kowace ta ba da sefa 300, an sayi shek ɗaya. Dattawan ikilisiya da limamai, ku sa a buɗe ƙaramin asusu, a sa mutum biyu amintattu su riƙe, a rubuta abin da ya shiga da abin da ya fita, a karanta a gaban jama'a. Lokacin da aka biya kuɗin auduga, ko aka sayar da gyaɗa da masara, shi ne lokacin zubawa. A ba mabukaciya cikin sutura, kada a kira sunanta a taro. Mai naƙasa ko maraya kuma, a raka shi ofishin jin daɗin jama'a a tambayi abin da doka ta tanada masa. Matambayi ba ya ɓata.

Mutumin da na ba ka labarinsa ya sake aure bayan shekara biyu. Wata safiya na gan shi a layin awo, shi kaɗai namiji a kan benci, amaryarsa tana gefe, cikinta wata uku. Bai yi mini dogon bayani ba. Ya ciro jaka shida ya ce a rubuta. Ba na so ka koyi wannan karatu da tsadar da shi ya koya.

In akwai mai ciki a gidanka, ranar kasuwa mai zuwa ku biyo ta asibiti tare. In akwai yaron da ba shi da takarda, ka tambayi magajin gari hanyar da za a bi. In gidanka ba ko ɗaya, ka ba maƙwabcinka wannan littafi.

Allah ya sauki matanmu lafiya, ya raya mana 'ya'yanmu. Amin.